Awon tangaɗin masu cutar MS a farkonta da na'urar da ake ɗaurawa a ƙugu

Likitan Jijiya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga matsalar da nake so mu baje a faifai. Mai cutar MS, wato maltiful siklarosis, cutar da ke lalata rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, yana zuwa asibiti a shekarunsa na farko da cutar ya ce ƙafarsa ba ta kama ƙasa yadda ya saba, musamman cikin duhu ko in zai juya da sauri. A gwada shi a ga komai lafiya. Ma'aunin EDSS na girman nakasar masu MS da Kurtzke ya fitar a 1983 yana tafiya daga 0 zuwa 10, amma daga 4 zuwa sama kusan nisan tafiya kawai yake kallo: mita 500 ba hutu ba sanda shi ne 4, buƙatar sanda don cin mita 100 shi ne 6. Wanda yake tsakanin 1 da 2.5 zai cinye tafiyar ƙafa 25, wato mita 7.62, a lokacin da mai lafiya zai cinye ta. Gwajin Berg na daidaiton tsayuwa kuma abubuwa 14 ne, maki 56, kuma irin waɗannan marasa lafiya sukan kwashe makin gaba ɗaya ko su rasa ɗaya. To mutum yana kuka da jikinsa, awonmu yana ce masa ba komai. Shin na'urar jin motsi da ake ɗaurawa a jiki ta cike wannan giɓi, ko har yanzu kayan ɗakin bincike ce?

Hajiya Fisiyo: Wa alaikumus salam, Dakta. Ta cike wani sashe, kuma akwai hujja. A 2012 Rebecca Spain da Fay Horak da abokan aikinsu a jami'ar kiwon lafiya ta Oregon da ke Portland, Amurka, sun gwada masu MS 31 waɗanda saurin tafiyarsu daidai yake da na kowa, suka kwatanta su da masu lafiya 28. Agogo bai raba su ba. Na'urar da ke jikinsu kuwa ta nuna tangaɗi ya fi yawa in sun tsaya ido a rufe, gangar jiki ta fi karkata gefe yayin tafiya, juyawa kuma ta fi ɗaukar lokaci. A 2015 wani rukuni a jami'ar Vermont ya sami irin wannan a masu ƙaramar nakasa, inda rangajin hagu da dama in sun tsaya a kan soso ya bambanta su da masu lafiya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mutum yana tsayuwa da labari uku: na tafin ƙafa da gaɓoɓi, na kunnen ciki, da na ido. A kan dabe mai ƙarfi an ƙiyasta kusan kashi 70 cikin 100 na dogaron yana kan ƙafa da gaɓoɓi, 20 kan kunnen ciki, 10 kan ido. MS tana cinye rufin jijiyar da ke ɗauko saƙon ƙafa ta cikin laka, sai saƙon ya iso ƙwaƙwalwa a makare, gyaran tsayuwa ma ya zo a makare. Cameron da Horak sun nuna a 2008 cewa jinkirin martanin tsayuwa yana tafiya tare da jinkirin saƙo a laka. Mara lafiya yana rufe wannan rauni da idonsa bai sani ba. Shi ya sa da rana a ɗakin likita mai haske yake tsaye kyam, da dare a hanyar banɗaki yake dafa bango.

Likitan Jijiya: Hajiya, ai wannan shi ne gwajin Romberg da ake yi tun ƙarni na 19. Haɗa ƙafa, rufe ido.

Hajiya Fisiyo: Shi ne, Dakta, sai dai Romberg amsa biyu gare shi: ya taka ko bai taka ba. Wanda tangaɗinsa ya ninka amma bai ɗaga ƙafa ba, an rubuta masa lafiya. Na'urar tana ba ka lamba tsakanin waɗannan amsoshi biyu.

Ga yadda ake yi a aikace. A sa hannu a laluɓo saman ƙashin kwankwaso dama da hagu, a ja layi tsakaninsu ta baya. Layin yana bi ta wajen ƙashin baya na huɗu na tsatso, L4. A sauka ƙashi ɗaya, nan ne L5, kusa da tsakiyar nauyin jiki. Nan ake ɗora na'urar da ɗamara mai roba, a kan fata ko riga shara-shara, ba a kan zani mai ninki uku ko babbar riga ba. A cire takalmi. A shimfiɗa takarda a zana tafin ƙafafun mutum a ajiye a fayil ɗinsa, domin duk zuwan da zai yi ya taka wuri ɗaya. Hannaye a ƙirji ko a gefe, a zaɓi ɗaya a tsaya a kai. A manna alama a bango daidai tsayin ido, nisan mita biyu zuwa uku.

Yanayi huɗu ne, kowanne sakan 30: dabe ido buɗe, dabe ido rufe, soso ido buɗe, soso ido rufe. Soson da aka fi amfani da shi irin na Airex ne mai kaurin santimita 6. Kowane yanayi sau uku, a huta tsakani. Mai gwaji ya tsaya a gefe da ɗan baya, hannu a shirye amma kada ya taɓa, domin ko yatsa ɗaya a kafaɗa yana rage tangaɗi sosai. A kan soso ido rufe ku kalli ƙafar: yatsu suna lanƙwashewa suna neman abin damƙa, jijiyar gaban idon sawu tana ɗagowa tana lafawa ba tsayawa, alhali kafaɗa ba ta nuna komai. Wannan aikin ne na'urar take ƙirgawa.

Injiniya: Bari in shigo ta ɓangaren ƙarfen, don a nan ake yawan zubar da aikin. A cikin ƙwayar akwai akselaromita mai auna fizgar motsi ta fuska uku, da jairoskof mai auna saurin juyi, wani lokaci da magnetomita mai aiki irin na kamfas. Abin da mutane ba su cika lura ba shi ne, a tsayuwa cik akselaromita ba gudun jiki take ji ba galibi, karkata take ji. Jiki yana lilo a kan idon sawu kamar taɓarya da aka tsayar a kan gindinta. In ƙugu yana tsayin mita ɗaya ya gusa santimita ɗaya, an karkata fiye da rabin digiri kaɗan, sai wani yanki na jan ƙasa, wato ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi, wanda yake 9.81, ya zubo cikin layin gaba da baya, kimanin 0.1 na mita a sakan a sakan. Karkatar digiri ɗaya cak tana ba da 0.17. Ke nan in ɗamara ta zame digiri biyu a tsakiyar gwaji, kuskuren zai iya fin tangaɗin da ake nema girma. Mai ƙiba ko mai lanƙwasar tsatso sosai, na'urar tana zama a karkace tun farko. Gyaran da Moe-Nilssen ya bayyana a 1998 shi ne a ɗauki matsakaicin karatun, a lissafa kusurwar, a juya layukan su daidaita da ƙasa kafin a lissafa komai. Wannan yana gyara karkatar da ta zauna wuri ɗaya. Ba ya gyara ɗamarar da ke zamewa, don haka a ɗaure ta ta kama.

Sai saiti. Ƙwaya mai araha irin MPU-6050 tana ba da ƙirga 16,384 a kan jan ƙasa ɗaya in an saita iyakarta a 2g, wato ninki biyu na jan ƙasa, amma 2,048 kawai a 16g. Tangaɗin 0.05 zai fito ƙirga 83 a na farko, 10 a na biyu. Don tsayuwa a sa 2g. Ɗaukar karatu sau 50 zuwa 128 a sakan ya wadatar, na'urar Opal ta kamfanin APDM tana yin 128. Tangaɗin mutum a hankali yake, don haka ake tace duk abin da ya haura wajen sau 3.5 a sakan, kamar yadda Mancini da abokan aikinta suka yi a tsarin ISway a 2012. A yar da sakan biyu ko uku na farko da na ƙarshe, lokacin danna maɓalli da gyara tsayuwa.

Malamin Ƙididdiga: Injiniya, ɗalibai da yawa suna son su mayar da karatun zuwa santimita don ya yi kama da na farantin awon ƙarfi da ake takawa. Me ka ce?

Injiniya: Kada su yi ta hanyar tara karatu sau biyu, Malam. Kuskuren 0.01 kacal, wanda ba ya ko ganuwa a zane, in aka tara shi sau biyu cikin sakan 30 ya zama mita 4.5. Mutum yana tsaye wuri ɗaya lissafi ya kai shi ƙofar ɗaki. A tsaya a ma'aunin fizga: RMS, wato matsakaicin girman fizgar, na gaba da baya dabam, na hagu da dama dabam, faɗin da'irar ƙwai da ta ƙunshi kashi 95 na ɗigogin, tsawon hanyar da zanen ya bi, da kaifin fizga, wato yadda fizgar ke sauyawa daga ɗigo zuwa ɗigo. Wannan na ƙarshe yana da saurin kama matsala amma yana da saurin kwasar hayaniya, kuma lambarsa tana canzawa da zarar an canza hanyar tacewa. Kada a kwatanta ta tsakanin na'urori biyu. Jairoskof kuma yana da nasa ciwon: in sifilinsa ya kauce rabin digiri a sakan, cikin minti ɗaya ya tara digiri 30 na ƙarya. A ajiye shi a tebur sakan goma kafin gwaji a cire matsakaicin. Magnetomita kam a kashe ta a cikin gini, rodin da ke dabe da gadon ƙarfe suna ruɗa ta. Don duba lafiyar akselaromita, a kwantar da ita a fuskokinta shida, kowacce ta nuna 9.81 ko kishiyarsa.

Malamin Ƙididdiga: Madalla. Yanzu ga inda nake ja da ku, Hajiya ki yi haƙuri. Raba rukuni biyu a takarda abu ɗaya ne, faɗa wa mutum guda cewa cutarsa ta ci gaba wani abu ne dabam. Waɗancan masu bincike na Oregon ɗin dai sun bi marasa lafiyarsu wata 18, suka wallafa a 2014 cewa na'urar ta kama hawa da saukar awo daga zuwa zuwa zuwa, amma ba ta nuna lalacewa a tsawon lokacin ba. Wannan sakamako ya kamata a riƙa ambatonsa duk inda aka ambaci na 2012. Kafin a ce an samu canji, sai an san girman kuskuren awon. A gwada mutane sau biyu cikin mako guda, a fitar da kuskuren awo, a ninka shi da 2.77. Abin da ya fito shi ne mafi ƙanƙantar canjin da za a yarda da shi. Misali in kuskuren 0.01 ne, duk bambancin da bai kai 0.028 ba iska ce. Tafiyar ƙafa 25 tana da mizanin da aka yarda da shi, canjin kashi 20. Tangaɗin na'ura bai sami mizani ɗaya da kowa ya amince da shi ba, kowane kamfani da lissafinsa.

Sannan manhajar tana fitar da ma'auni sittin ko fiye. Wanda ya gwada mutum 20 da ma'auni sittin ana sa ran kusan uku su fito da bambanci ko da babu komai. A zaɓi biyu ko uku tun kafin a fara, a rubuta su.

Hajiya Fisiyo: Ban musa ba, Malam, amma hawa da saukar nan ba duka kuskuren na'ura ba ne. Cutar ce haka. Tun 1890 Uhthoff ya bayyana yadda zafin jiki ke tsananta alamu, kuma hawan rabin digiri na zafin cikin jiki ya isa ya rage gudun saƙo a jijiyar da rufinta ya lalace. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Wanda ya keto ranar Afrilu a Sakkwato ko Yamai, zafi ya haura 40, aka ɗora shi a kan soso nan take, ba za a kwatanta awonsa da na safiyar hunturu ba. A ba shi minti 15 zuwa 20 a inuwa da ruwan sanyi, a rubuta zafin ɗakin, a yi gwajin a sa'a ɗaya kowane zuwa, safe ya fi domin gajiya tana taruwa zuwa yamma. A tambayi zazzaɓi da ciwon mafitsara, su ne kan gaba wajen tayar da tsofaffin alamu har a zaci sabon hari ne. A tambayi magani: baklofen, gabapentin, kabamazafin da amitiriptilin duk suna iya sa jiri ko layi, kuma ƙarin adadin magani a makon jiya ya isa ya canza lamba. In an kulle waɗannan, hayaniyar tana raguwa.

Kuma a daina tsayawa a tsayuwa kaɗai. Juyi ya fi tona asiri. A gwajin tashi ka tafi, mutum ya miƙe daga kujera, ya ci mita 3, ya juya, ya dawo ya zauna. Agogo lamba ɗaya yake bayarwa. Jairoskof yana yanka gwajin gida-gida, ya ba ka tsawon lokacin juyin digiri 180 da ƙololuwar saurinsa. Mita 3 gajere ne, shi ya sa masu na'ura suka tsawaita zuwa mita 7 don a sami taku mai yawa. Sai a ƙara aikin ƙwaƙwalwa: yana tafiya yana rage uku-uku daga wata lamba. In saurinsa ya sauka daga mita 1.30 a sakan zuwa 1.17, aikin biyu ya ci masa kashi 10. A ba shi ya ƙirga da harshen da yake lissafin kuɗi da shi, kuma a rubuta amsa nawa ya ci daidai, domin wani yana kare tafiyarsa ne ta hanyar watsar da ƙirgar.

Likitan Jijiya: Wannan batu na harshen ƙirga yana da muhimmanci. To wayar hannu fa? Kayan Opal ba kowane asibiti zai iya saya ba.

Injiniya: Ƙwayar da ke cikin waya 'yar uwar waccan ce, ranka ya daɗe. Manhajar Floodlight ta kamfanin Roche an gina ta ne don masu MS, tana da gwajin tsayuwa na sakan 30 da gwajin juyawa da tafiyar minti biyu. Matsala uku ce. Waya ba ta ɗaukar karatu a tazara madaidaiciya, wani lokaci tana tsallake, don haka dole a duba hatimin lokaci a sake jera karatun kafin tacewa. Na biyu, nauyi: waya a aljihun kaftani lilo take yi da kanta, sai a jakar ɗamara mai kama jiki. Na uku, canjin waya canjin ma'auni ne, in an sauya sai a sake kafa awon tushe. A kashe jijjiga da shigowar kira kafin a fara.

Ɗaurawa ta mako guda a gida kuwa wani fage ne. Haɗakar Mobilise-D ta Turai da ta fara a 2019 ta yi aiki da na'ura ɗaya a tsatso na kwana bakwai, kuma masu MS suna cikin rukunan da ta bi. Wanda zai kawo irin wannan lissafi wurinmu ya sani cewa ruku'u da sujada da zaman tabarma da hawan babur a hanya mai gargada duk za su shiga karatun, kuma manhajar da ba a gwada ta da su ba tana iya ƙirga su a matsayin wani abu dabam. A ba mutum ƙaramin littafi ya rubuta lokutan salla da na hawa abin hawa, sannan a kwatanta da bidiyo a mutane kaɗan kafin a yarda da lambobin.

Malamin Ƙididdiga: Gwajin soso ido rufe a gida, ba mai tsaro?

Hajiya Fisiyo: A'a, sam. A gida dabe kawai, a kusurwar ɗaki, bango a baya da gefe, kujera mai nauyi a gaba, da wani babba a kusa. Faɗuwa ba ƙaramin abu ba ce a wannan cuta. Nazarin da Nilsagård ta jagoranta a 2015, wanda ya haɗa mutum 537 daga Ostareliya da Suwidin da Birtaniya da Amurka, ya sami kashi 56 sun faɗi aƙalla sau ɗaya cikin wata uku. Amfanin awon a wurina shi ne ya nuna wane labari ne ya raunana. In lamba ta yi tsalle da rufe ido a kan dabe, mutum ya jingina da ido, sai a yi atisayen ƙafa da gaɓoɓi a kuma sa fitila a hanyar banɗaki. In sai a kan soso ido rufe take lalacewa, a duba kunnen ciki a yi atisayen juya kai da kafa ido. In hagu da dama ne ya fi yawa, a ƙarfafa naman gefen kwankwaso a yi tsayuwar ƙafa ɗaya gaban ɗaya. Bayan mako takwas zuwa goma sha biyu a sake awo a kan takardar ƙafa ɗaya.

Likitan Jijiya: Zan ƙara gargaɗi ɗaya da ya fi damuna. Na'urar ba ta gano MS. Tangaɗi kawai take gani, ba ta san mai jawo shi ba. Ana tabbatar da cutar ne da tarihin mara lafiya da hoton MRI da ruwan laka bisa ƙa'idojin McDonald, waɗanda suka fito a 2001 aka yi ta sabunta su. Ƙididdigar duniya ta 2020 ta sa masu cutar a miliyan 2.8, kuma Afirka kudu da Sahara tana cikin inda aka fi ƙarancin rahotonta, ga ƙarancin MRI da likitocin jijiya. A nan matashiyar da ke layi in ta rufe ido tana iya kasancewa da ciwon suga da ya taɓa jijiyar ƙafa, ko ƙarancin bitamin B12, ko tarin fuka na ƙashin baya, ko ƙwayar HTLV-1, ko cutar NMO mai kama jijiyar ido da laka. Wannan ta ƙarshe tana kama da MS ƙwarai, ana raba su da gwajin jinin akwaforin 4, kuma wasu magungunan MS irin su intaferon beta suna tsananta ta. Kafin a ɗaura wa kowa na'ura, a buga cokalin karɗa mai karɗawa sau 128 a sakan a ɗora a babban yatsa da ƙashin idon sawu, a gwada ko ya san inda aka lanƙwasa yatsarsa ido a rufe, a auna suga da B12.

Injiniya: In lambar wanda aka riga aka tabbatar masa da cutar ta haura mizanin Malam fa, Dakta? A canza magani?

Likitan Jijiya: Ba da lamba ɗaya ba. A fara cire zazzaɓi, mafitsara, zafi, rashin barci da sabon magani, a sake awo bayan mako ɗaya ko biyu a sa'a ɗaya da na'ura ɗaya. In ta tsaya a sama, a yi cikakken gwajin jijiya, a matso da ranar MRI, a tura fisiyo ba jira. Amma in tangaɗin ya zo cikin kwana ɗaya ko biyu ya wuce awa 24 ba zazzaɓi, ko ya zo da gani biyu-biyu, dushewar ido ɗaya, raunin ƙafa ko riƙewar fitsari, a ajiye na'urar a kawo shi asibiti ranar.